Sule, Sisi, Taro da Ahu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Rassan ICAN Na Arewa

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da abokan aiki. Na san a ƙa'ida duk takardar da za ta zo teburinku da Turanci ake rubuta ta, a buga mata lamba a sama, a ajiye kwafi a fayil. Da gangan na zaɓi Hausa. Mutanen da zan roƙa wa alfarma a wurinku, wato makaɗa da mawaƙanmu, yawancinsu ba za su taɓa buɗe mujallar ƙungiyarmu ta ƙwararrun akantoci, ICAN, ba, ni kuwa ina so su ji da kunnensu abin da na faɗa muku a kansu.

Mako shida ke nan da muka kai wani dattijo makwancinsa, yana da shekara 95. Ba ɗan ƙungiyarmu ba ne. Bai taɓa zama jarrabawarmu ba, babu harafi ko ɗaya a bayan sunansa, sunan ma zan sakaya shi don iyalansa ba masu son a yi ta yayata su ba ne. Akawun baitulmali ne na zamanin En'e. Ya fara aiki lokacin da ake kawo haraji da jangali cikin buhu, a zube gaban Ma'aji, a yi ta ƙirga da hannu har la'asar sakaliya. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 ya koma ƙaramar hukuma, can ya ƙarasa shekarunsa na aiki. Mu yaran unguwa duk ba mu san shi da wannan ba. Baba mai badujala muka sani, tsohon nan da yake zuwa firamarenmu kan keke duk Litinin da Laraba da yamma, ba wanda yake biyansa ko kwabo, ya koya mana busa begila da kaɗa ganga don faretin ranar yara da na ɗaya ga Oktoba. Shi ma a Midil ya koya, wurin 'yan Sikawut.

Yadda yake koyarwar ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yana da wani tsohon gwangwanin madara cike da kuɗin da aka daina karɓa tun da aka koma naira da kwabo a farkon 1973: sulalla, sisi, taro mai kusurwa goma sha biyu, da kwabbai masu huji. Sai ya zube su a kan benci ya ce kowane gida na kiɗa sule ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. In kana so ka biya shi da sule guda, wato ka ja busa ɗaya mai tsawo ta cika gidan. In kana so ka biya da sisi biyu. In kana so taro huɗu, kowane taro bugu ɗaya. In hannunka ya yi laushi ka biya da ahu takwas. Kana iya gauraya su yadda ka ga dama, sisi ɗaya da taro ɗaya da ahu biyu, amma in an zo ƙarshen gida dole a tarar da sule cif. Yaron da ya yi gaggawa sai ka ji Baba ya ɗaga sanda ya ce, "Tsaya, ka ci mini taro. Ina ka kai shi?" Wanda ya yi nawa kuma ya ce masa ya biya fiye da abin da ke kan bauca, shi ma laifi ne, don kuɗin ba na ubansa ba ne.

Abin da ya fi zauna mini shi ne maganarsa a kan shiru. Akwai wuraren da mai busa zai ɗauke, ganga ta ɗauke, a yi tsit na bugu ɗaya ko biyu. Mu yara sai mu ɗauka wurin hutu ne, mu saki ƙirga, mu dawo a makare. Baba ya ce shiru ma kuɗi ne, a rubuta shi a littafi. Na yi shekara fiye da ashirin ina aikin odita, kuma ban taɓa buɗe littafin wani kamfani na ga watan da ba a shigar da komai ba, ko shafin da aka tsallake, face na ji muryarsa. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a tamu ya san ɓarna ba ta cika kwana a inda aka yi rubutu da yawa ba.

Da na girma na shiga karatun akanta, sai na tarar da wani dattijon a can ƙololuwar sana'ar, wanda ba sai na gabatar muku da shi ba. Akintola Williams, haifaffen Legas, 9 ga Agusta 1919, ya rasu 11 ga Satumba 2023 yana da shekara 104. Kowane ɗalibin ƙungiyarmu ya haddace tarihinsa kamar karatun allo. Ya yi makarantar CMS da Babbar Kwalejin Yaba, ya tafi Ingila a 1944, ya sami digirin kasuwanci a Jami'ar Landan a 1946, sannan a 1949 ya zama ɗan Najeriya na farko da ya sami shaidar ƙwarewar akanta ta Ingila. Ya dawo ya ɗan taɓa aikin haraji na gwamnati, a 1952 ya ajiye ya buɗe kamfaninsa, a lokacin da duk wani babban littafin kuɗi a ƙasar nan Bature ne yake duba shi. Cikin waɗanda suka fara ba shi aiki akwai jaridar West African Pilot ta Azikiwe da kamfanin sufuri na Ojukwu. Yana cikin waɗanda suka sa hannu aka kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, tare da su Sir Odumegwu Ojukwu da Alhaji Shehu Bukar, kuma duk ya riga ya binne sauran kafin nasa lokacin ya yi. Ya zauna a kwamitin Coker na 1962 da ya binciki hukumomin Jihar Yamma. Da majalisa ta yi doka mai lamba 15 a 1965 aka kafa ICAN da mambobi 250, yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar akantocin da ta gabace ta a 1960. Ƙaninsa Rotimi Williams kuma yana cikin lauyoyi biyu na farko da aka ba muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, a 1975. Gida ne da Allah ya yi wa baiwa, Allah ya ƙara wa zuriyarsu haƙuri.

Duk wannan muna faɗa a taro, kuma ya cancanta. Inda nake ganin muna gajarta masa shi ne abin da ya yi da shekara arba'in ɗin ƙarshe na rayuwarsa. A 1983 ya yi ritaya daga kamfanin da ya kafa. A wannan shekarar kuma, shi da abokansa irin su Louis Mbanefo, Ayo Rosiji, Francesca Emanuel da Rasheed Gbadamosi suka kafa ƙungiyar kiɗa ta MUSON. Daga taron masu sha'awar sauraro a gidajen juna, abin ya zama katafaren gini a Onikan mai zaurukan kiɗa da makaranta, inda tun 2006 ake yin difiloma da tallafin gidauniyar MTN. Yaran da iyayensu ba su da halin sayen fiyano, wasu ko ganinta ba su taɓa yi ba, sun fito daga can suna cin abinci da hannunsu, wasu suna koyarwa. Williams bai tsaya gaban allo ya koya wa kowa busa ba. Abin da ya kai wurin shi ne abin da ni da ku muke da shi: sunan da in ya je neman gudummawa attajiri ba zai ji tsoron kuɗinsa za su salwanta ba, da tsarin amintattu, da littafin da ake dubawa duk shekara. Ƙungiyoyin fasaha nawa aka kafa a ƙasar nan da kiɗa da rawa da yanka ragon suna, bayan shekara uku aka watse a kan kuɗin da ba wanda ya san inda suka shiga? Wannan ta haura shekara arba'in tana tsaye.

A jawaban da na saurara bayan rasuwarsa, in an zo wannan gaɓar sai a ce "kuma marigayin mai sha'awar kiɗa ne", a wuce, kamar an ce yana son shan shayi da yamma. A ganina wannan rabin littafi ne, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa ƙin karɓar rabin littafi.

To me ya haɗa mu nan Arewa da zauren kiɗa na Onikan? Ba ina cewa mu gina irinsa a Kano ko Kaduna mu cika shi da goge irin na Turawa ba. Namu kayan suna nan, kuma su ne suke hannun tsofaffi. Ku je kowace fada ranar hawan sallah ku dubi masu kakaki da algaita da farai da tambari, ku ƙiyasta shekarunsu. Ku tambayi mai kotso ko mai taushi ko mai jauje yara nawa ne a gidansa suka karɓa. Da can gado ne yake riƙe da abin: ɗa ya tashi yana amshi bayan ubansa, ya ɗauki ganga, ya gaji waƙa da ubangida. Yanzu ɗan ya ga yadda uban ya ƙare, ya ɗauki babur ya shiga haya, kuma ba mai ganin laifinsa. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta cusa kiɗa cikin darasi ɗaya da zane da wasan kwaikwayo, sau da yawa malamin da aka ba darasin bai taɓa riƙe abin kiɗa ba, sai ya rubuta sunayensu a allo yara su kwafa. Yaro ya ci jarrabawa a kan gurmi, bai taɓa jin kukansa ba.

Yadda uban ya ƙare kuwa, a nan ne maganar ta shigo gonarmu. Na taɓa zama a rabon gadon wani makaɗi da aka yi shekara talatin ana jin muryarsa a rediyo da kaset a kowace tasha. An yi masa kyautar dawakai da riguna da motoci da kujerun Makka, an yi masa liƙi har ƙasa ta rufe. Da aka zo lissafi ba a sami takarda ɗaya ba da ta nuna da wa ya yi yarjejeniyar ɗaukar waƙoƙinsa, nawa aka ba shi, na shekara nawa ne, wa yake riƙe da faifan asali. 'Yan amshinsa da suka yi rayuwarsu a bayansa ba su da komai a rubuce. A ranar nan da muke zaune a zaure, wani yaro ya nuna mini waƙoƙin marigayin a YouTube, wani can da ba a san ko wane ne ba ya ɗora, dubban mutane suna saurare, magada ba su ga ko ahu ba. Alhali dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta bar wa magada haƙƙin waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Doka tana nan, hukumar haƙƙin mallaka tana nan. Abin da babu shi ne mutumin da zai zauna da iyali ya jera musu: ga waƙoƙin, ga shekarunsu, ga wanda ya ɗauka, ga inda ake sauraro, ga abin da ya kamata ya shigo. Rajistar kadara ke nan, wadda muke koya wa ɗalibai tun a matakin farko.

Na san abin da wasunku za su ce, don an riga an faɗa mini a bayan taro. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa, kuma ni ba malami ba ne balle in yanke. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba na neman ya sa hannu. Amma ban san malamin da ya halatta a cinye haƙƙin marayun makaɗi ba, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, a sami marubuci mai adalci, kada a ƙosa da rubutawa ƙarami ne ko babba. Baba mai badujala shi ne ladanin masallacin unguwarmu har muryarsa ta gaza. Ya kan ce mana wanda ya san aruli ya san ƙirga, don Halilu ɗan Ahmadu na Basra da ya fitar da karuruwan waƙa auna su ya yi, mai motsi da mai ɗauri, kamar mai awon hatsi, kuma da wannan awon malamanmu suka rubuta waƙoƙin wa'azi da muke rerawa.

Wani kuma zai ce ƙungiya tana da nata matsalolin: ɗalibanmu na Arewa ba su da yawa, kuɗin jarrabawa ya yi musu nauyi, cibiyoyin koyarwa sun yi ƙaranci in ka bar manyan birane. Gaskiya ne, kuma ba na so a taɓa ko naira ɗaya daga abin da aka ware don wannan. Roƙona bai fi ƙarfin aljihunmu ba, lokacinmu yake nema. Kowannenmu dole ne ya cika sa'o'in ƙaro ilimi duk shekara, kuma mu faɗa wa juna gaskiya, wasu daga cikin sa'o'in nan a zaune muke cinye su a zauren otal muna latsa waya muna jiran a raba abinci. Me zai hana rassanmu na Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Maiduguri su nemi majalisar ƙungiya ta amince a lissafa wa ɗan ƙungiya sa'o'in da ya yi yana taimaka wa makaɗa da mawaƙa da malaman kiɗa su tsara littafinsu? Rana ɗaya a wata uku ta isa a fara. A sanar da Hausa a rediyo, a zauna a inda za su iya zuwa ba tare da jin kunyar takalminsu ba. A koya wa matashin da yake waƙa a situdiyo yadda ake ajiye rasit, yadda ake raba kuɗi da mai kiɗa da mai tacewa a rubuce tun ana shiri, da abin da zai duba kafin ya sa hannu a takardar da aka miƙo masa da Turanci. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, yaran yanzu kuɗinsu ta waya yake shigowa daga ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, kuma sun fi iyayensu buƙatar mai lissafi.

Na biyu ya fi wannan nauyi kaɗan. Ina roƙon a buɗe asusu, wanda ya ga dama ya sa, da sunan Akintola Williams ko da wani sunan da kuka zaɓa, a riƙa biyan tsofaffin gwanaye ɗan alawus su koyar. Mai algaita ɗaya, yara biyar, shekara biyu. Mai kukuma ɗaya, mai kalangu ɗaya. Ba sai an yi gini ba, zauren gidansu ya wadatar, haka su ma suka koya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ita ma tana ƙarewa in ba a kula da amya ba. Abin da zai bambanta wannan asusu da sauran da aka sha kafawa shi ne abin da Williams ya kai Onikan: amintattu da aka sani, littafi a buɗe, odita daga wani reshe ba na masu riƙon kuɗin ba, rahoto duk shekara a manna inda kowa zai gani. In mun tsaya a kan haka, na tabbata akwai attajirai da sarakuna da bankunan da muke duba wa littafi da za su sa hannu, don abin da yake hana su ba rowa ba ce kullum, tsoron rami marar ƙasa ne. Akwai kuma tsofaffin faya-fayai da kasakasai da suke jibge a ɗakunan ajiya tun zamanin da aka buɗe gidan rediyon Arewa a Kaduna a 1962, da waɗanda suke cikin akwatunan iyalai suna cin ƙura da zafi. Ko ƙirga su kawai aka yi aka rubuta, an yi aiki. 'Yan'uwanmu na ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin ƙasar nan, su ma da kwalejinsu a Jos, ban ga dalilin da zai hana a gayyace su ba.

Firamarenmu, wadda ba zan faɗi sunanta ba, ba ta da badujala yau. Bayan ƙafa ta hana Baba hawa keke, kayan suka bi iska ɗaya bayan ɗaya, wannan an ara ba a dawo da shi ba, wancan fata ta fashe an jefa bayan sito. Ranar sadakar bakwai babbar 'yarsa, wadda muke kira Yaya tun muna yara, ta kira ni gefe ta ce, "Ga wannan, kai ne za ka gane shi." Littafi ne mai bangon kwali irin na baitulmali, an ja masa layi da jan biro. Kowace begila da lambarta, kowace ganga da ranar da aka sake mata fata da abin da aka biya baduku, sunan kowane yaro da ranar da ya karɓa da ranar da ya mayar. Na sami sunana a shafi na 41, begila mai lamba 3, da ɗan rubutu a gefe cewa na lotsa bakinta kuma mahaifina ya biya naira biyu. A shafin ƙarshe da ya rubuta, hannun ya riga ya fara rawa, ya jera begila shida da ganga huɗu da kuge ɗaya, ya ja layi biyu a ƙasa yadda ake rufe lissafi, ya rubuta cewa ya miƙa su cikakku. Wurin sa hannun mai karɓa babu kowa.

Littafin da gwangwanin suna wurina. Zan zo da su taron reshe mai zuwa, kuma ina roƙon Yallaɓai Shugaba ya ba ni minti goma a ƙarƙashin sauran batutuwa. Na riga na yi magana da wani mai algaita a garinmu, ya ce in dai za a sami yaran, shi ranar Alhamis da Asabar ba ya zuwa ko'ina.

Wassalam. Naku,
Wani ɗan ƙungiya, tsohon mai begila lamba 3